Gadon Jikata a Bayan Kwaɗon Haraji

Talata, da hantsi

'Yata Auta ta haihu, mace ce, na zama kaka! Rubutuna yau sai hawa da gangara kamar ranar da na fara riƙe biro a ajin yamma da furfurata. Malaminmu ya ce a riƙa fara rubutu da gaisuwa. To ga ta nan a makare: sannu da zuwa, ƙaramar baƙuwa.

Ta zo kafin lokacinta, sun saka ta a kwalba. Ta bayan gilashi na gan ta. Tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba. Nas ta ce sai ta ƙara nauyi za a sallame ta, kada mu damu. Ban damu ba.

Mai Soso ma ya zo, uban mijin Auta, shi ma yau ya zama kaka. Shagonsa yana kallon nawa. Ni nake yin ƙashin kujera da katako, shi yake sa mata soso da yadi, haka muke tun gashinmu yana baƙi. Ya manna fuska a gilashi ya ce, "Kafinta, dubi hancin nan, na gidanmu ne." Na ce, "Hancin gidanku ai ba zai shiga kwalba ba." Muka yi ta dariya har nas ta kore mu.

Gadonta yana shago, saura gogewa da samfefa da shafa fenti. Gobe zan gama shi.

Laraba, da yamma

Sun rufe mini shago.

Alhamis, da safe

Jiya ban iya rubuta fiye da haka ba. Ga yadda aka yi.

Ina goge ƙafar gadon sai mutanen ofishin harajin jiha suka shigo, maza biyu da wata mata mai tabarau. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce in nuna lambar rajistata. Na ce ba ni da ita, ban taɓa buƙatarta ba. Ta ce an aiko mini da takarda. An aiko, na karanta ta da kaina, ba wanda ya karanta mini. Da na ga maganar haraji ce na ce wannan ta Mai Soso ce, shi yake karɓar kuɗi a hannun masu aiki, shi ya yi rajista bara. Na ajiye ta ƙarƙashin gwangwanin gam.

Na tambaye ta wa ya ba su sunana. Ta ce, "Baba, wanda yake biyan ka ne ya rubuta ka cikin waɗanda yake ba aiki."

Mutum ɗaya ne yake biyana.

Na roƙe su su bar ni in fito da gadon kawai. Na ce na jikata ne, tana asibiti. Mai Tabarau ta ce, "Ka yi haƙuri Baba, ko ƙusa ba ta fita sai an yi rajista." Suka ja ƙofa, suka sa jan kwaɗo, suka manna takarda a kai.

Duk wannan Mai Soso yana tsaye a ƙofarsa da almakashi a hannu. Titin da yake tsallakawa kullum don ya ari ashana ko ya sha mini shayi, jiya bai tsallaka ba.

Ba zan manta ba. Na rubuta a nan don ko na so in manta, in kasa.

Juma'a, da la'asar

Na je ofishinsu. Benci mai rawa, wani ragon kafinta ne ya yi shi. Mai Tabarau ta zaunar da ni ta yi mini bayani a hankali kamar mai koya wa yaro alifu.

Na ce mata kujera ɗaya ce. Ni ƙashi, shi nama. Mai saye yana biyan kuɗin kujera ɗaya, Mai Soso ya biya haraji a kanta. Ta yaya kujera ɗaya za ta biya sau biyu?

Ta ce ba kujera ake yi wa rajista ba, mutum ake yi wa. Shi yana biya a kan rabonsa, ni a kan nawa. Ta ce duk mai sana'ar da yake zaman kansa dole ya yi rajista da jiha da sunansa, ya faɗi abin da ya samu a shekara, ya biya nasa da hannunsa. Sai ta cire tabarau ta ce, "Sai fa idan yaronsa ne kai. Idan albashi yake ba ka, shi yake gaya maka lokacin buɗewa da na tashi, da kayan aikinsa kake aiki, to laifin nasa ne. Shi ya kamata ya riƙa cirewa yana kawo mana. Shi za mu kama."

Shi za su kama. Na ji maganar ta yi mini daɗi har cikin ƙashina.

Ta ɗauki biro tana jira. "Yaronsa ne kai, Baba?"

Na buɗe baki. Allah ya sani na buɗe. Ni, da na koya masa bambancin katako busasshe da ɗanye. Ni, da zartona da gudumata na saye su da gumina tun yana ɗinka matashin kai a gefen titi. Harshena ya ƙi.

Na ce, "Ban taɓa zama yaron kowa ba."

Ta ce, "To ga takardun rajista. Akwai tara kaɗan ta jinkiri. Da ka cika, a buɗe."

Na karɓa, na naɗe, na sa a aljihu. Ban cika ba.

Asabar, da safe

Na tashi da dariya, Tsohuwa, uwar Auta, ta ce lafiya kuwa?

Lafiya lau. Na tuna abin da yake cikin shagon ban da gado. Ƙasusuwan kujerun otal. Babban aikin da Mai Soso ya yi rajista dominsa, duk suna jingine a bangona, a bayan jan kwaɗo. Ya sayi soso, ya yanka yadi daidai da awona, otal yana jira ƙarshen wata. Ba ƙashi, ba kujera.

Ya rubuta sunana, ya kulle kansa.

Takardun rajista suna ƙarƙashin katifata. Su yi barci.

Lahadi, da azahar

Auta ta fara tafiya da kanta zuwa ɗakin kwalba. Ta rame. Ta ce, "Baba, an gama gadon?" Na ce fenti ne bai bushe ba.

Litinin, da yamma

Na ɗauki kujerar roba na zauna a ƙofar shagona tun safe. Ba aiki, zama kawai, fuskata tana kallon ƙofar Mai Soso. Ya ɗaga mini hannu, na duba sama. Ya aiko da shayi, na ba mai gyaran takalmi ya sha a gabansa.

Mutumin otal ya zo a mota. Ban ji abin da suka ce ba, amma na ga Mai Soso yana share gumi da guntun yadi, yana nuna shagona. Na gyara zama, na ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya.

Akwai wata tsaga a ƙofata kusa da kwaɗon. In na kanga ido ina hango kan gadon. Ƙura ta fara hawansa.

Laraba, da safe

Jikata ba ta karɓi nono ba jiya. Sun sa mata madara ta hanci.

Laraba, da yamma

Zan buɗe shago ranar da otal ya ƙwace aikin, ba kafin nan ba. Zan yi rajista da sunana, in sa takardar a firam mafi girma da na taɓa yi, in rataye ta inda zai gan ta duk lokacin da ya ɗaga kai. Zan sami wani mai soso. Garin nan cike yake da masu soso. Zan ba yaron da ya kora bara aikin. Zan sa su riƙa wucewa da kujerun ta ƙofarsa.

Na zauna ina ta tsara wannan har aka kira magariba.

Alhamis, da magariba

Mijin Auta ya zo gida. Yaro ne mai kunya, a shagon ubansa yake aiki. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya gaishe ni ya fi sau nawa, ya kasa shiga magana. Can ya ce, "Baba, cewa na yi ko akwai abin da zan iya taimakawa a kan takardun. Ina iya bin layi."

Na ce, "Ubanka ne ya aiko ka?"

Ya ce, "A'a. Bai san na zo ba. Ba ya cin abinci sosai."

Na ce, "Zai taimake shi, tumbin ya yi yawa."

Bai yi dariya ba. Da ya tafi Tsohuwa ta shigo ta tsaya a kaina riƙe da ludayi.

"Malam, in otal ya ƙwace aikin, a gidan wa za a rasa?"

Na ce gidan Mai Soso.

"Auta a gidan wa take?"

Na ce miyarta tana ƙonewa. Ta ce ba ta ɗora komai ba.

Juma'a, da hantsi

A asibiti benci ɗaya ne a ƙofar ɗakin kwalba. Mai Soso ya zauna a wancan ƙarshe, na zauna a wannan. Nas ta fito ta ce, "Yau kakannin ba dariya?" Ta koma ciki.

Ya leƙa gilashi, na jira ya gama, na leƙa. Ta yi ƙanƙanta a cikin abin. Ƙirjinta yana hawa da sauka da sauri kamar na ɗan tsuntsu.

Shekarar da ta wuce waccan ma na yi wa cikin Auta na fari gado, ba wanda ya kwanta a kai. Na sayar da shi ga wani baƙo, ban ko yi ciniki ba. Ba zan rubuta komai a kan wannan ba.

Asabar

Ba labari.

Lahadi, da yamma

Ba labari. Na wasa zarton gida, ko da yake ba abin yankawa.

Litinin, da la'asar

Otal ya ɗauke rabin aikin ya ba wani. Mai gyaran takalmi ne ya kawo mini labarin da gudu, ya san zan so.

Na so. Na saya masa lemo. Na zauna a kujerata ina kallon Mai Soso yana mayar da yadin da ya yanka cikin leda, ɗaya bayan ɗaya. Ɗansa yana taya shi. Na jira daɗin ya kai mini inda nake so ya kai. Bai kai ba.

Saura rabi. Rabin ma zai tafi.

Talata, da safe

Tsohuwa ba ta yi mini magana ba tun jiya. Ta ajiye mini abinci a ƙasa kamar na baƙo.

Laraba, da azahar

Ta kama nono! Auta ce ta kira, tana kuka tana dariya. Ta ce ta kama da ƙarfi har da cizo. Na ce ai jinina ce, ba ma sakin abu in mun kama.

Alhamis, da yamma

An cire mata abin hanci. An bar ni na sa hannu ta ƙofar kwalba bayan na wanke har gwiwar hannu. Ta riƙe ɗan yatsana, wanda guduma ta lanƙwasa. Na ce mata, "Amarya, kin ga angon naki tsoho ne, amma yana da sana'a." Sai na tuna sana'ar tana kulle.

Likita ta ce in ta ci gaba haka, ranar Litinin za ta koma gida.

Auta ta ce, "Baba, fentin ya bushe yanzu ko?" Ta kalle ni irin kallon uwarta. Ta sani. Tun yaushe ban sani ba.

Otal ya ba Mai Soso har ƙarshen mako mai zuwa a kan ragowar. Da jikata za ta ƙara mako ɗaya a kwalba, da ya rasa duka.

Na rubuta wannan layin, na karanta shi, na tashi na wanke bakina da hannuna. Ba zan goge shi ba. Ya zauna a nan in riƙa ganinsa.

Na ɗaga katifa na ciro takardun.

Juma'a, da la'asar

Tun da sassafe ina layi. Na cika da hannuna, harafi harafi, ban yarda kowa ya taya ni ba. Inda aka ce irin sana'a na rubuta kafinta. Inda aka ce sunan wanda kake yi wa aiki na rubuta: kaina.

Mai Tabarau ta duba ta ce rubutuna yana da kyau. Sai ta ce saura abu ɗaya, shaida daga wanda ya biya ni a bara, da sa hannunsa, don su san abin da za su yanka mini. Ba ita, sai wani mako.

Na ce mutumin ya mutu.

Ta ce, "Allah ya ji ƙansa. Amma ga shi can a benci, kullum sai ya zo ya tambaya ko ka zo."

Na juya. Yana zaune a kan bencin nan mai rawa, da ambulan a cinya. Ya rame ƙwarai, rigar tana masa yawa.

Ya taso ya miƙa mata ambulan, ba ni ya miƙa wa ba. Muka fita tare saboda ƙofa ɗaya ce.

A waje ya ce, "Kafinta."

Na tsaya.

"Otal ba ya ba da aiki sai da rajista. Da na yi, suka tambaye ni ina kuɗin katako yake tafiya. Me zan rubuta? In ce ni na yi ƙasusuwan?"

Na ce, "Kai? Ko akwatin ashana ba za ka iya haɗawa ba."

"To ka gani. Da na rubuta ni na yi, da ka fi haka fushi."

Na ce, "Ranar da suka zo, ba ka tsallako ba."

Ya dubi takalminsa. Ya ce, "Ƙafafuna ne suka ƙi."

Na ce, "Su ci gaba da ƙi." Na tafi na bar shi.

Na biya tara da harajin bara. Kuɗin sabon injin sassaƙa da nake tarawa ya tafi. A kansa na ɗora wannan ma.

Asabar, da safe

Sun cire kwaɗon. Warin gam da katako ya tare ni a ƙofa.

Na goge gadon da rigata. Ɗan Mai Soso ya zo ɗaukar ƙasusuwan kujeru, na ce ubansa ya zo ya ɗauka da kansa. Ya zo. Ya yi ta tsallaka titi da kujera a ka, ana kallonsa, ina zaune ina sa samfefa. Duk tsallakawar da bai yi ba ranar nan, yau ya biya ta.

Na san shi zai yi katifar gadon, ba sai an gaya mini ba. Tun cikin Auta yana ƙarami ya zo da tef ya auna. Don haka na cire allon ƙafa, na ƙara wa gadon tsawon yatsa biyu, na mayar, na shafe wurin yadda ko ni ba zan gane ba. Gobe zai kawo katifarsa a gaban 'yan uwa, a saka, a ga rami. A ce Mai Soso ya tsufa, awo ya gagare shi.

Na sa fenti fari. Ina ta waƙa.

Lahadi, da yamma

Mai Soso ya kawo katifar gidan Auta, ɗaki cike da mata suna share-share. Yadi mai laushi, ruwan ƙwai, ɗinki ƙanana kamar na injin. Na tsaya a bakin ƙofa na harɗe hannu.

Ya saka. Ta zauna cif, ko allura ba za ta shiga tsakani ba.

Na matsa na danna kusurwa, na danna ɗaya kusurwar. Na ce, "Ka sake aunawa."

Ya ce, "Ban sake ba. Na san za ka ƙara. Ranar da muka yi faɗa a kan kujerun makaranta ma yatsa biyu ka ƙara."

Tsohuwa ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Wannan ma na rubuta shi. Ban yafe ba. In Allah ya kai mu wani faɗan, uku zan ƙara.

Litinin, da hantsi

Jikata ta dawo gida.

Da hannuna na kwantar da ita. Ta yi miƙa, ta buɗe ido ɗaya ta duba aikin, ta koma barci. Ba a taɓa karɓar aikina da yabo irin wannan ba. Auta ta zauna a gefen gadon ta ɗora hannu a kan allon kai.

Takardar rajistata tana rataye a shago, cikin firam ɗin da ya fi ta girma sau uku, tana kallon ƙofar Mai Soso. Ya ce firam ɗin ya karkace. Ƙarya yake yi. Ragowar kujerun otal za su fita kafin ƙarshen mako, kuma na gaya masa daga yau rabona a hannuna za a riƙa ba ni, da rasit, da sunana.

Na aika mai gyaran takalmi ya gaya wa duk layinmu, masu walda da teloli da mai shayi. Na gaya wa nas. Har Mai Tabarau na aika wa, ta zo ta ga abin da ta kulle. Kowa ya zo, ƙofa a buɗe take, a wanke hannu kawai a bakin ɗaki. Ku zo ku ga gado, ku ga mai gadon. Mai Soso ma ya zo, ya tsaya kusa da ni a gaban jama'a, a dubi fuskarsa, a dubi tawa, a dubi tata, a faɗa masa gaskiya hancin wa ta ɗauko.